Rasuwar Madam Susanna Shekari, Uwar Gidan Ƙarfe

Cikin alhini da sanyin jiki, tare da miƙa al'amari ga Allah Wanda Ya ba da rai kuma Yake karɓar abinSa a lokacin da Ya so, Ƙungiyar Mata Masu Motsa Jiki a Kan Ƙarfe ta Birnin Gwari, wadda mutanen gari suka fi sani da Gidan Ƙarfe, ta samu labarin rasuwar wadda ta kafa ta, shugabarta kuma malamarta, Madam Susanna Judah Shekari, wadda Allah Ya yi wa rasuwa da hantsin ranar Talata, takwas ga watan Yuli, 2025, tana da shekara sittin da shida, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

A madadin shugabanni da dukkan 'yan ƙungiya, na cikin gari da na reshenmu na Kuyello, muna miƙa ta'aziyyarmu ga babban ɗanta, Injiniya Lazarus Shekari, da 'yarta, Sista Jemima Shekari, da jikokinta, da danginta na ƙasar Kaciya, da Mai Girma Rabaran Philemon da jama'ar majami'arta, musamman zumuntar mata da ta yi shekaru tana yi wa hidima, da kuma tsofaffin ɗalibanta a duk inda suke.

Muna neman afuwar jama'a saboda jinkirin da aka samu, domin yau kwana tara ke nan da rasuwar. Gaskiyar magana ita ce, tun ranar da ta rasu ƙofar Gidan Ƙarfe take kulle, filin kuma na iyalinta ne, ba namu ba. Don haka ba mu sani ba ko wannan takarda ta ta'aziyya ce kaɗai, ko kuwa ita ce ta ƙarshe da za ta fita da sunan ƙungiyar. Ba mu so mu rubuta wa 'yan'uwanmu mata abin da ba mu tabbatar ba, sai muka dakata.

Marigayiya ta zo Birnin Gwari a shekarar 1988 tare da maigidanta, marigayi Mista Judah Shekari, mai aikin haƙa rijiyar burtsatse, ita kuma aka ba ta koyar da wasanni da motsa jiki a makarantar 'yan mata. Ta yi shekara ashirin da shida tana busa usur a filin makaranta, har akwai iyayen gida da yawa a garin nan da in suka ji ƙarar usur a titi sai sun gyara tsayuwa kafin su tuna sun girma. Da ta yi ritaya a 2014, zaman wuri ɗaya ya jawo mata ciwon baya mai tsanani, har ɗaukar buta ya zama aiki. A wannan hali ne Sista Jemima ta nuna mata a waya yadda mata a wasu ƙasashe suke motsa jiki a kan ƙarfe tsayayye, suna hawa, suna juyawa, suna ratayuwa. Madam ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce a cire kiɗan, a ƙara wa matan tufafi, abin da ya rage magani ne. A bayan gidanta akwai bututan ƙarfe na rijiya da maigidan ya rasu ya bari. Ta sa aka haƙa rami, aka kafa guda ɗaya da siminti, ta zauna ta goge shi da hannunta har ya daina yanka. Wannan ƙarfe yana nan har yau, shi ne na kusa da bishiyar gwaiba.

Mata uku ne maƙwabtanta suka fara shiga, biyu Musulmi ɗaya Kirista, kuma duka ukun kallo suka je yi. Nan take aka gamu da matsalar da ta kusa kashe abin tun yana jariri: ƙarfe ba ya riƙe yadi, duk wadda ta hau da zane ko dogon wando sai ta sulalo ƙasa kamar an zuba mata mai, ga shi kuwa babu wadda za ta yarda ta rage suturarta. Marigayiya ba ta ce wa kowa ta rage ba. Ta ɗauki wando ta tafi wurin baduku a kasuwa, ta sa ya ɗinka masa facin fatar akuya a bayan gwiwa da cikin cinya, shi kuwa yana ta tambayarta wane irin doki za a hau da wannan. Hannu kuma ta koya mana mu shafa ƙaro da aka jiƙa, a bar shi ya ɗan sha iska. Da wandon baduku da ƙaro aka gina duk abin da ake gani a yau. Ita ce kuma ta raɗa wa kowane motsi sunan da muka sani: hawa shi ne ƙadangare, miƙewa a gicciye ita ce tuta, ratayuwa kai a ƙasa kuwa jemage, wanda ta hana kowa gwadawa sai ta shekara.

Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta sassauta ko ɗaya. Namiji ba ya shiga, ko da ɗanta ne. Waya a kwandon bakin ƙofa take zama. Juma'a da Lahadi babu hawa. Ana farawa bayan la'asar, kafin kiran magariba an tashi, kuma ita da kanta take cika butoci ta shimfiɗa tabarmi ga wadda sallah ta riska a can. Babbar dokar kuwa, wadda duk sabuwar shiga sai ta maimaita ta da bakinta, ita ce ba a barin mace ita kaɗai a sama. Duk wadda ta hau, sai wata ta tsaya a gindin ƙarfen, hannu a buɗe, ido a kanta, ba hira ba waige, har ta sauko. Wannan ita muke kira mai tara. Madam takan ce za ta yafe wa wadda ta kasa hawa har abada, amma ba za ta yafe wa mai tarar da ta juya ta amsa gaisuwa ba.

Ba za mu ɓoye ba, an yi magana a gari, kuma masu maganar ba duka ne masu mugun nufi ba. An ce rawa ake koya wa matan aure, an ce wani abu ake bauta wa, an ce abubuwa da ba su dace a sa su a takarda ba. A 2016 matan Islamiyyar unguwarmu, bisa shawarar limaminmu, Malam Usama, suka tura mai rubuta wannan takarda ta je ta gani da idonta ta kawo labari. An je sau uku, an zauna a gefe, an duba sutura, an duba katanga, an saurari abin da ake faɗa. Ba a ga abin ƙi ba. A zuwa na uku marigayiya ta tsaya a gaban mai bincike, hannu a ƙugu, ta ce, "Malama, in kin gama duba mana imani, cire safar nan ki riƙe ƙarfe, tun ɗazu nake jin gwiwarki tana ƙara." Labarin da aka kai wa Islamiyya shi ne ya kawo mata goma sha ɗaya a wata guda, aka ƙara ƙarafa biyu, aka ƙara wa katanga tsawo.

Sai shekarun da kowa ya sani suka zo, lokacin da daji ya rufe mu, hanya ta zama abin tsoro, mutanen Kuyello da Gayam da Tabanni suka kwararo cikin gari da abin da suka iya ɗauka a ka. Matan da suka saba daka da noma da ɗiban ruwa tun safe sai ga su zaune a ɗakunan dangi, hannu ba aiki, zuciya ba hutu, jini yana hawa. Marigayiya ta riƙa bi gida gida tana kiran su. Ba ta yi musu wa'azin haƙuri ba, cewa take yi tana neman masu ƙarfin hannu, domin matan birni sun cika laushi. Wasu sun zo don su ƙaryata ta, wasu don su huta da kallon bango. Ƙarafa suka zama shida, aka raba rana kashi biyu, masu rajista suka haura ɗari da arba'in. Mun ga matan da suka yi watanni ba su yi dariya ba sun yi ta a gindin ƙarfe, saboda wata ta maƙale a sama tana kiran sunan kakarta. Da aka fara komawa ƙauyuka, matan Kuyello suka roƙi bututu biyu, Madam ta bi su a kan mashin ta tsaya aka kafa.

A cikin waɗanda suka zo a wancan lokaci akwai 'yar'uwarmu Bushira ta Tabanni, wadda ta ba da izini a ambaci sunanta da labarinta. 'Yan bindiga sun tsare ta a daji wata huɗu, ta fito ba ta iya ɗaga hannuwanta sama da kafaɗa saboda ɗaurin da ta sha, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ta. Marigayiya ce ta ɗora ruwa, ta shiga da ita bayi, ta yi mata wanka, ta tsefe mata kai. Mako shida Bushira tana zuwa ta dafa ƙarfe kawai ta koma. Wata bakwai ta ɗauka kafin ƙafarta ta bar ƙasa, kuma a duk tsawon wannan lokaci Madam ce mai tararta, ba ta taɓa wakilta wata ba. Yau Bushira ta koma Tabanni tana noman masararta da hannayen nan, duk Asabar kuma takan zo gari.

Wajibi ne mu faɗi abin da ke tafe, kuma Injiniya Lazarus da kansa ya ce a rubuta shi yadda ya faru. Bai taɓa son wannan aiki na mahaifiyarsa ba. Yana zaune a Kaduna, ya san abin da irin wannan ƙarfe yake nufi a wasu wurare, ya sha jin habaici a kan tsohuwarsa daga mutanen da ba su taɓa taka garin nan ba, dokar gidan kuma ta hana shi ganin abin da ake yi da idonsa. Shekara da shekaru yana roƙonta ta tuge ƙarafan ta koma wurinsa ta huta. Ranar rasuwar, da ya iso, ya sa kwaɗo a ƙofar baya, ya shaida mana cikin ladabi cewa bayan jana'iza zai kira mai walda ya yanke su. Ba mu ga laifinsa ba a ranar, ba mu gani ba yau. Ɗa ne da ke kishin sunan uwarsa, gidan kuma nasa ne. Muka yi masa gaisuwa, muka tashi.

Labarin rasuwar ya isa Tabanni Bushira tana gona. Ta ajiye fartanya, ta hau mashin a cikin taɓon nan na damina, tana ta matsa wa mai mashin ya yi sauri kada a kai Madam kafin azahar ba ta nan. Ta tsaya a kasuwa ta yanki farin yadi, ta tsinko ganyen magarya, ta sayi turare, ta shigo gidan makoki da su a ƙunshe, laka har gwiwa, ta ce ina gawar take, ita ce za ta yi wankan. Shekara shida tana tare da Madam, ta san ranar Lahadi Madam tana zuwa coci, amma ba ta taɓa halartar jana'izar Kirista ba, kuma bai taɓa zuwa ranta cewa akwai wanda ake bari ya wuce yininsa ba a binne shi ba. Sista Jemima ta riƙe hannunta ta zaunar da ita, ta yi mata bayani cewa su a wurinsu ana jiran dangi su taru, an kai Mama ɗakin ajiye gawa na asibiti, sai nan da kwana goma sha ɗaya. Mu ma muka ƙara mata bayani a hankali cewa kowane addini da yadda yake sallamar mamacinsa, kuma wankan ba namu ba ne. Sista Jemima ta karɓi yadin, ta ce da shi za a shimfiɗe cikin akwatin.

Bushira ta ji duk wannan, ba ta yi gardama ba. Abu ɗaya ta tambaya. Ta ce, "To, wa ke tare da ita a can?" Aka ce babu kowa, wurin a kulle yake, akwai ma'aikaci. Ta ce, "Kwana goma sha ɗaya, ita kaɗai?" Ta tashi, ta ari tabarma, ta tafi asibiti, ta shimfiɗa a gindin dalbejiyar da ke fuskantar ƙofar ɗakin, ta zauna.

Ma'aikacin wurin ya ce mata babu buƙata, babu abin da zai taɓa gawar. Ta ce ta sani. 'Yan'uwanmu Kiristoci suka je suka ce mata wannan ba al'adarsu ba ce, mu Musulmi muka ce ba tamu ba ce, ta ce ita ba ta ce ta kowa ba ce. Washegari da safe aka tarar mata biyu sun riga ta zuwa. Kafin jibi sai da aka tsara juyi, biyu biyu, daga fitowar rana zuwa gab da magariba, domin kada asibiti ya cika da mu. An tambayi Malam Usama ko akwai laifi, ya ce zama a gindin bishiya ba ibada ba ne, kuma bai san inda aka hana maƙwabci nuna alhinin maƙwabcinsa ba, sai dai a kiyaye lokacin sallah, kada kuma a yi kururuwa. Ba a yi ba. Ba waƙa, ba hira mai ƙarfi. Wata takan zo da saƙa, wata da carbi, wata da Littafinta Mai Tsarki. In ruwa ya sauko a buɗe lema, a matsa jikin bango. Matan Kuyello sun aiko da nasu mutum huɗu ranar Asabar, suka yi yininsu suka koma.

A rana ta bakwai Injiniya Lazarus ya je asibitin domin kai tufafin da za a sa wa marigayiya. Babu wanda ya gaya masa abin da ake yi, domin ba don a gaya masa aka yi ba. Ya tarar da Bushira da wata dattijuwa 'yar zumunta a kan tabarma ɗaya, ruwa ya jiƙa gefenta. Ya gaishe su, ya tambaya ko wani nasu ne ba shi da lafiya. Dattijuwar ta ce a'a, mamarsa suke tara. Bai gane ba, sai ta yi masa bayanin dokar gidan, yadda mace ba ta hawa sai wata ta tsaya mata, da yadda mahaifiyarsa ta tsaya wa kowace ɗaya daga cikinmu, ta ce yanzu ita ce a inda ba mai iya kai mata hannu, abin da ya rage mana shi ne tsayuwar. Ya tambayi tun yaushe. Aka gaya masa. Ma'aikacin ya ce Injiniya ya daɗe tsaye da jakar tufafin a hannu kafin ya shiga.

Jiya Laraba da hantsi ya yi sallama a zauren gidan mai rubuta wannan takarda. Ya ƙi zama a kujera, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ajiye makulli a kan tabarma. Ya ce, "Mama, shekara goma ina jin kunyar abin da ban taɓa gani ba. Har yanzu ban gan shi ba, kuma na san ba za ku bar ni in shiga ba. Amma na ga waɗanda suka fito daga cikinsa. Ku buɗe." Ya ƙara da cewa shi da ƙanwarsa sun amince filin bayan gidan ya zauna a hannun ƙungiya muddin ana bin dokokin mahaifiyarsu, kuma ya roƙa a bar wa matan Gidan Ƙarfe layi biyu a gaba ranar jana'iza, waɗanda addininsu ya ba su damar shiga majami'a su shiga, sauran a sa musu rumfa a waje.

Ƙungiya tana godiya ga Injiniya Lazarus da Sista Jemima bisa wannan karamci da suka yi a lokacin da suke cikin nauyin rashi, kuma tana shaida wa duniya, shaidar waɗanda suka gani da ido, cewa Madam Susanna Judah Shekari mace ce mai kamun kai, mai gaskiya, mai riƙon amanar maƙwabtaka, wadda ba ta taɓa tambayar mace addininta ko garinsu ba kafin ta buɗe mata hannu. Mun bar al'amarinta ga Mahaliccinta, Wanda ba a ɓoye maSa komai kuma ba Ya zaluntar kowa. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba 'ya'yanta da jikokinta da danginta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya haɗa kansu, Ya raya abin da ta bari, Ya kawo mana dawwamammen zaman lafiya a garinmu da ƙauyukanmu da hanyoyinmu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, goma sha tara ga Yuli, da ƙarfe goma na safe, a binne ta a nan Birnin Gwari kusa da maigidanta kamar yadda ta bar wasiyya. Juyin zama a asibiti zai ci gaba har safiyar ranar. Gidan Ƙarfe kuma zai buɗe ranar Litinin, ashirin da takwas ga wata, bayan la'asar. An leƙa wurin jiya, ciyawa ta fito a gindin ƙarafan, biyu sun fara tsatsa saboda ruwa. Mai zuwa ta zo da wuri, ta taho da fartanya da tsumma.

Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Sa hannu:
Malama Ruƙayyatu Abdulfattah Maiturare
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiya
Ƙungiyar Mata Masu Motsa Jiki a Kan Ƙarfe, Birnin Gwari
Alhamis, 17 ga Yuli, 2025